Wane Buhu Ne Ya Riga Shiga Sito?

A ƙauyukan Rano da Kibiya, tun daga Rurum da Saji har zuwa Tarai da Durba, da wuya a sami magidanci manomi wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa ba. Ya san dami nawa na dawa ya zuba da kaka, ya san nawa aka ciro don zakka ko don biki, ya san wanda ya kwana daga bara da wanda yake na bana, har ma ya san gefen da ruwa ya taɓa shiga. Bai rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba ya bukatar rubutawa, domin da hannunsa ya zuba, da izininsa ake ɗiba, abin kuma bai fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba.

Sito kuwa wani abu ne daban. Siton dillalin hatsi, ko na ƙungiyar manoma, ko na mai sayar da taki da iri, ko ɗakin ajiyar magunguna na asibiti, wuri ne da kaya suke shiga suna fita ta hannun mutane da yawa, buhu 500 ko 1,000, kowanne kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa. A nan ƙwaƙwalwa ta gaza, sai a koma ga littafi. To amma littafin sito, ko da mai riƙe da shi ya fi kowa gaskiya da ƙwazo, tambaya ɗaya yake iya amsawa da kyau, wato buhu nawa suka rage. Akwai tambaya ta biyu wadda ta fi wannan nauyi, wadda kuma ba kasafai littafi yake amsa ta ba: wane buhu ne wannan, yaushe ya shigo, daga ina ya fito, kuma kwana nawa suka rage masa kafin ya tashi daga aiki?

A kan wannan tambaya ta biyu ne ya kamata a auna amfanin 'yar na'urar nan ta hannu mai jan haske, wadda ake gani a manyan kantunan birnin Kano ana haska ta a jikin kaya tana ƙara. Mutane da yawa sun ɗauke ta na'urar ƙirga kaya ce kawai, ko kuma kayan ado na kantin masu hali. Idan ƙirge ne kaɗai aikinta, to siton Rano ba ya da wata bukata ta gaggawa gare ta, domin yaro mai alli ma zai iya ƙirga buhu. Darajarta tana wajen bai wa kowane rukunin kaya suna da tarihi, kuma yankin da dukiyarsa hatsi ce da iri da magani ya fi kantin sayar da sabulu bukatar wannan.

Yadda na'urar take gani

Zanen da ake gani a jikin gwangwanin madara ko kwalin magani, mai layuka baƙaƙe da farare a jere, shi ne ake kira bakod, wato lambar layi-layi. Rubutu ne kamar kowane rubutu, sai dai don na'ura aka yi shi. A irin wanda ya fi yawa a kasuwa, mai adadi 13, an raba tsawon zanen gida 95 daidai wa daida. Ban da adadi na farko, kowane adadi yana cin gida 7, waɗanda aka kasa su layi biyu baƙaƙe da fili biyu farare, kuma bambancin kaurin layukan ne yake bambanta 3 da 8. A farko da tsakiya da ƙarshen zanen akwai wasu layuka da suka ɗan fi sauran tsawo, su ne suke nuna wa na'urar inda karatu ya fara da inda ya ƙare.

Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa ganye yake kore ya riga ya fahimci rabin aikin na'urar. Ganye yana shanye jan haske da shuɗi, ya mayar da kore zuwa ido. Haka nan baƙin layi yana shanye hasken da na'urar ta harba, farin fili kuma ya mayar da shi. A cikin na'urar akwai wani ɗan ƙaramin abu mai jin haske, wanda aikinsa ya yi kama da na ƙwayoyin da ke bangon bayan idon mutum, wato yana juya haske ya zama saƙon lantarki. Haske ya dawo, lantarki ya tashi. Haske ya ɓace, lantarki ya sauka. Daga wannan hawa da sauka ake fitar da lamba. Wannan ne ma ya sa ba a buga layukan da jan tawada a kan farar takarda: a ƙarƙashin jan haske, ja da fari duk ɗaya suke, na'urar sai ta ga fili fetal. Na'urorin da suka fito daga baya ba sa ma harba siririn haske, hoto suke ɗauka su karanta, shi ya sa wayar hannu mai kyamara take iya yin aikin.

Tunanin ya daɗe. Wasu Amurkawa biyu, Norman Joseph Woodland da Bernard Silver, su ne suka nemi rajistar ƙirƙirar a 1949, aka ba su a 1952, kuma Woodland daga rubutun waya na ɗigo da ja ya samo dabarar. Zanensu da'irori ne, wata cikin wata. Sai a 1973 aka amince da fasalin mai kusurwa huɗu wanda injiniya George Laurer na kamfanin IBM ya tsara, ranar 26 ga Yuni 1974 kuma aka fara haska shi a jikin ƙunshin cingam a wani kanti a garin Troy na jihar Ohayo. Ƙasashen Turai suka kafa tasu ƙungiyar a 1977, daga baya tsarin ya haɗe ƙarƙashin ƙungiya ɗaya mai suna GS1, wadda take raba wa ƙasashe lambobin farko. Na Nijeriya 615, na Gana 603, na Indiya 890, littattafai kuma yawanci da 978 suke farawa. A nan akwai kuskuren da ya yaɗu: ganin 615 ba ya nufin a Nijeriya aka yi kayan, yana nufin a ofishin Nijeriya kamfanin ya yi rajistar lambar.

Adadin da ke tsaron 'yan'uwansa

Abin da ya fi cancantar malamin lissafi ya kai aji shi ne adadi na 13. Wannan adadi ba ya cikin sunan kayan, mai gadi ne. A ɗauki wannan lamba ta misali: 615123456789. A tara adadin da ke matsayi na 1, 3, 5, 7, 9 da 11, wato 6, 5, 2, 4, 6, 8, a sami 31. A tara na matsayi na 2, 4, 6, 8, 10 da 12, wato 1, 1, 3, 5, 7, 9, a sami 26, a ninka sau 3 ya zama 78. A haɗa 31 da 78, a sami 109. Abin da ya rage a cika 110 shi ne 1, saboda haka cikakkiyar lambar ita ce 6151234567891.

Yanzu a ƙaddara akawu ya gaji, ya ga 7 ya rubuta 1, kamar yadda yake faruwa kullum da rubutun hannu. Jimlar za ta koma 91, adadin da zai cika ta kuma 9 ne, alhali 1 ke rubuce a ƙarshe. Na'ura tana yin wannan lissafi duk lokacin da ta karanta, idan bai daidaita ba sai ta ƙi karɓa. Littafin sito ba ya da irin wannan mai gadi. Kuskuren da aka yi a shafi na 12 yana nan kwance har ranar da mai binciken kuɗi zai zo, ranar da ba wanda zai iya tuna ko kuskure ne ko ɓarna.

Sai dai akwai wani abu da mai niyyar sayen na'ura ya kamata ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa. Lambar mai adadi 13 ba ta ɗauke da farashi, ba ta ɗauke da kwanan wata. Duk gwangwanayen madara iri ɗaya, na bara da na bana, lamba ɗaya suke da ita. Ita sunan jinsi ce, kamar a ce ɗan Adam, ba a ce wane ɗan wane ba. Wanda ya sayi na'ura ya tsaya ga wannan lamba bai tsallake littafinsa ba ko da taku ɗaya, ya dai ƙara sauri wajen ƙirge. Abin da sito yake bukata shi ne lamba ta biyu, ta rukuni, wadda za a buga a ranar da kaya suka shigo, a ɗaure ta da bayanin ranar shigowa, da wanda ya kawo, da wa'adin kayan. Irin zanen nan mai kusurwa huɗu da ɗigo-ɗigo, kamar QR wanda kamfanin Denso Wave na Japan ya fitar a 1994 don bin diddigin kayan gyaran mota, yana iya ɗaukar dukan wannan bayani a fili da bai wuce faɗin farcen babban yatsa biyu ba.

Kayan sito suna da rai

Injiniya yana iya kallon sito kamar akwati, abin da aka saka shi za a ciro. Masanin halittu ba zai iya kallonsa haka ba. Ƙwayar masara ko ta wake da ke cikin buhu halitta ce mai rai, tana numfashi a hankali, tana cin abincin da ta tara, tana tsufa. Kuma ba ita kaɗai ce a cikin buhun ba.

A ɗauki ƙwaron wake, wanda masana suke kira Callosobruchus maculatus. Tun daga gona macen take manna ƙwanta a jikin wake. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta fitowa waje, kai tsaye take huda ƙwayar ta shige, ta ci, ta girma a ciki, sannan ta fito cikakken ƙwaro ta bar rami. A yanayin zafi irin na ƙasar Kano, wannan zagaye yana cika cikin mako 3 zuwa 4, mace ɗaya kuma tana iya yin ƙwai gommai. A ƙaddara, don sauƙin lissafi, kowace mace ta bar 'ya'ya mata 10 da suka rayu. Bayan wata ɗaya 10 ne, bayan wata biyu 100, bayan wata uku 1,000, bayan wata huɗu 10,000. Buhun da ya shiga sito a Nuwamba da wanda ya shiga a Fabrairu, a littafi buhu ɗaya-ɗaya ne, nauyinsu kusa da juna, bakinsu a ɗinke. A ciki kuwa ɗaya wake ne, ɗaya ya kusa zama gari.

Ga kuma wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa tsayawa bakin sito ya sani. 'Yan dako sukan jera kayan farko a can jikin bango, na baya kuma su tare bakin ƙofa. Idan mai saye ya zo, na bakin ƙofa ake ɗauka, domin ba wanda zai sauke buhu 40 don ya kai ga na ƙasa. Ba mugunta ba ce, gajiya ce da sauƙin aiki. Sakamakon dai shi ne wanda ya riga shiga shi ne yake fita a ƙarshe, wato akasin abin da ilimin halittu yake bukata. Idan kowane jeri yana da lambar rukuni, na'urar za ta iya yin ƙara ta ce akwai wanda ya girmi wannan, a fara da shi. Wannan 'yar ƙarar ita ce mafi tsadar abin da na'urar take bayarwa.

Buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, ya ƙara wa maganar ƙarfi. Sirrinsa hana iska shiga: ƙwarin da ke ciki su shanye iskar numfashi, su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba magani ba. To amma duk lokacin da aka kwance bakinsa don a duba wane wake ne wannan, an ba ƙwarin sabuwar iska. Buhun da ba a so a buɗe shi dole ne tarihinsa ya kasance a rubuce a waje.

Maganar iri ta fi ta abinci tsanani. Wani masanin iri a Jami'ar Kalifoniya, James Harrington, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake koyarwa: a cikin iyakar da aka saba ajiya, duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na danshin iri yana raba tsawon rayuwarsa biyu, haka kuma duk ƙarin zafi na digiri 5. Wato irin da aka ajiye a ɗaki mai digiri 35 zai yi kashi ɗaya cikin huɗu ne na rayuwar da zai yi a ɗaki mai digiri 25. A tuna cewa a watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano, sannan a watan Agusta iska takan cika da laima. Iri mai maiƙo, kamar gyaɗa da waken suya, shi ya fi saurin mutuwa. Mataccen iri kuwa ba ya wari, ba ya sauya launi, ba ya rage nauyi.

Manomin Kibiya da ya sayi irin da ya kwana shekara biyu a sito ba zai sani ba sai bayan kwana 7 ko 10 da shuka, ranar da zai tsaya a gonarsa ya ga tsiro jefi-jefi. Daminar wannan yanki wata huɗu ce zuwa biyar. Ya rasa kuɗin iri, ya rasa kuɗin ƙwadago, ya kuma rasa abin da ba a sayarwa a kasuwa, wato ruwan farko. Mai sito da ya sayar masa wataƙila shi ma bai san shekarun buhun ba. Hukumar kula da iri ta ƙasa ta fito da tambarin da ake kankarewa a aika lamba ta waya don tabbatar da cewa iri na gaskiya ne, kuma wannan ci gaba ne. Amma iri na gaskiya ma yana mutuwa, kuma wannan sai lissafin sito ne zai kama shi.

Akwai kuma fuskar kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa fiye da kima. Ba kowane ɗan kasuwa ne ya zuba wa wakensa guba ba, amma da yake ba hanyar da za a ce wannan buhu daga siton wane ya fito, sai laifin wasu ya shafi kowa. Waken da ya tashi daga ƙauyukan kudancin Kano ya isa kasuwar Dawanau yakan sauya hannu da buhu sau da yawa, sunansa ya ɓace a hanya.

Ɗakin magani

Idan za a fara da wuri ɗaya, to a fara da ɗakunan ajiyar magani na asibitoci da ƙananan cibiyoyin shan magani na karkara. Dalili na farko mai sauƙi ne: yawancin aikin an riga an yi shi. Kwalayen magunguna da dama suna zuwa da ƙaramin zane mai ɗigo-ɗigo wanda ya ƙunshi lambar maganin, da lambar rukuni, da ranar ƙarewar wa'adi, wani lokaci har da lambar da ta keɓanta da wannan kwali shi kaɗai. Hukumar NAFDAC ta ɗauki tsarin GS1 don bin diddigin magunguna, ta kuma yi aiki da shi a kan alluran rigakafin korona da suka shigo ƙasar a 2021. Abin da ya rage shi ne karatun ya sauko har zuwa kantar ƙarshe, inda majiyyaci yake karɓa.

Dalili na biyu shi ne girman abin da ke kan faifai. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafin jabu wadda ba ta da sinadarin komai a cikinta, daga cikin kayan da aka kai a matsayin gudummawa daga Nijeriya. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ne suka fara zargi, da aka tuntuɓi kamfanin da sunansa ke jikin kwalaben kuma sai aka tarar lambobin rukunin ba su dace da abin da ke cikin kundinsa ba. Lambar rukuni ce ta tona asirin, amma bayan an riga an yi allurar. A yau kwatanta irin wannan lamba da kundin kamfani aikin 'yan daƙiƙa ne, idan akwai mai haskawa a bakin ƙofa.

A ɗakin magani ƙa'idar ta ɗan bambanta da ta hatsi. Wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara fitarwa, ko da shi ne ya zo daga baya, domin kwalin da aka kawo jiya yana iya kasancewa ya daɗe a wani siton a birni. Ido ba ya iya bin wannan a cikin ɗaruruwan kwalaye masu ƙananan rubutu. Na'ura kuwa tana iya fitar da jerin duk abin da zai ƙare cikin wata uku masu zuwa, a tura shi cibiyar da take bukatarsa, maimakon ya mutu a Rano alhali ana nemansa a Kibiya.

Abin da na'urar ba ta gani

Bai kamata a yi wa na'urar kirarin da ya fi ƙarfinta ba. Takarda take karantawa, ba ta ganin cikin buhu. A manna lambar masara a buhun yashi, za ta rantse masara ce. Ba ta jin ɗumin hatsin da ya fara gumi, ba ta ganin fumfunar Aspergillus flavus mai haifar da gubar da ke lalata hanta a gyaɗa da masara, ba ta san cewa takin yuriya ya sha laima ya dunƙule ba. Ba ta kuma san cewa firji ya mutu kwana biyu ba, alhali allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini, da yawancin alluran rigakafi, tsakanin digiri 2 da 8 ake son su zauna. Don wannan ne ma tun 1996 ake manna wa kwalbar rigakafin shan inna wata 'yar da'ira mai murabba'i a tsakiya, wanda yake yin duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha. Ma'aikaciyar lafiya da ta dogara ga na'ura ta daina duba wannan da'ira ta koma baya, ba ta ci gaba ba.

Masu cewa na'urar za ta kawo ƙarshen sata a sito sun yi gaggawa. Wanda ya yi niyyar fitar da buhun taki da dare ba zai tsaya haska shi ba. Abin da take yi shi ne rage duhun da ɓarna take ɓuya a ciki. Kowace haskawa tana barin sa'a da minti da sunan wanda ya riƙe na'urar, kuma ƙirgen sito da a da yake cin kwana biyu, har a riƙa yinsa sau ɗaya a shekara, yana iya zama aikin safiyar kowace Asabar. Giɓin da aka gano cikin mako guda yana da mai amsa shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wannan ma kariya ce ga mai kula da sito mai gaskiya, wanda sau da yawa shi ake fara kamawa idan lissafi ya ƙi cika.

Akwai kuma matsalolin da takardun talla na kamfanoni ba sa faɗa, domin ba don wannan ƙasa aka rubuta su ba. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin na'urar. Takardar da ƙananan injinan buga lamba suke amfani da ita, wadda zafi ne yake fitar da rubutunta, takan dushe ko ta yi baƙi idan ta daɗe a ɗaki mai zafi, kamar dai yadda rasit na banki yake gogewa a aljihu. Buhun leda mai saƙa ba ya riƙe abin mannawa, sai dai a ɗinka masa kati a baki, ko kuma, wanda ya fi sauƙi da arha, a rataya kati ɗaya ga kowane jeri na kayan da suka shigo rana ɗaya daga hannu ɗaya. Wutar lantarki ba ta da tabbas, intanet ma haka, saboda haka tsarin da ba ya aiki sai da layi a buɗe bai dace ba. Wanda ya dace shi ne mai ajiye bayani a cikinsa ya aika daga baya, wanda ƙaramin faifan hasken rana zai iya caja shi. Kuma kada a jefar da littafin. Ranar da waya ta faɗa ruwa, shi ne zai yi magana.

Babban haɗarin dai shi ne wanda aka saba gani: a ware kuɗi, a sayo na'urori, a yi bikin ƙaddamarwa, bayan wata shida a same su a cikin kwalayensu a saman kabad. Siton da ba a share shi, ba a ɗora buhunansa a kan katako nesa da bango da ƙasa, ba a raba sabon kaya da tsoho, na'ura ba za ta tsinana masa komai ba, sai dai ta adana hargitsinsa a kwamfuta. Tsari ne yake zuwa da farko. Mai sito da zai iya rubuta ranar shigowa da alli a jikin kowane jeri, ya kuma bi ta har tsawon kaka ɗaya, shi ne ya cancanci a ba shi na'ura, kuma a mafi yawan lokuta wayar da ke aljihunsa ta isa. Cibiyar Binciken Ajiyar Amfanin Gona ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke Ilori kuma take da reshe a Kano, da malaman gona na hukumar KNARDA, sun daɗe suna koyar da wancan tsari na farko. Lambar rukuni ƙari ce a kansa, kuma a cikin wannan koyarwa ya kamata ta shiga.

Makarantun sakandare na Rano da Kibiya suna da rawar da za su taka ba tare da jiran kowa ba. Kowace makarantar kwana tana da siton abinci, kowane ɗakin gwaje-gwaje yana da kwalaben sinadarai waɗanda wasunsu sun girmi ɗaliban da ke amfani da su. Ana iya buga lambobi a takarda ta yau da kullum, a rufe su da farin salatif, a karanta da wayar malami. Malamin ilimin halittu kuma zai iya haɗa abin da gwajin da ba ya cin ko kwabo. Da kaka a samo irin gyaɗa ko waken suya daga gona ɗaya, a raba shi kwalba biyu, kowace da lambarta, ɗaya a ɗakin kwano, ɗaya a ɗakin ƙasa mai sanyi. A farkon kowane wata, daga Nuwamba zuwa Mayu, a ɗebi ƙwaya 100 daga kowace kwalba, a naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa, bayan kwana 7 zuwa 10 a ƙirga waɗanda suka tsiro, a haska lambar kwalbar, a shigar da adadin. Kafin ruwan shuka ya sauka, ajin zai kasance da layi biyu a kan allo, kuma ɗalibai su faɗa da bakinsu wace kwalba za su yarda a kai gonar mahaifinsu.